Albarkar da Kawu bai sa ba

Laifina ne, kuma gara in faɗa tun kafin in shiga labarin hanya. Masu bibiyata sun ga hotunan da na ɗora kwanan baya, ina tsaye a ƙofar wasu shaguna a Kabo ina murmushi, a bayana ga sitika mai cewa a nan ana karɓar kirifto. Wasu sun tambaye ni dalilin da ya sa na goge su. Ga yadda aka yi.

Muna idar da sallar asuba muka kama hanya daga Kano, ni da abokin aikina, a tsohuwar motarsa. Aikinmu shi ne mu shiga kasuwa mu shawo kan masu shaguna su riƙa karɓar kuɗin intanet, wato kirifto, idan mai saye ya zo da shi a wayarsa. Kamfanin da ya ɗauke mu ba ya biyan albashi. La'ada yake bayarwa a kan kowane shagon da ya sauke manhaja, ya manna sitika, aka kuma yi cinikin farko. Ni sakandare kawai na gama, abin da na sani game da harkar a waya na tsince shi, sai wata bita ta yini guda da aka yi mana. Ni na kawo shawarar Gwarzo, domin can ne dangin mahaifiyata suke, kuma ƙaninta, Kawu Sale, sananne ne a harkar hatsi.

Daga Kabuga zuwa Rimin Gado hanya ba ta da laifi, sai ɗan rami nan da can da motar ke gaisawa da shi ɗaya bayan ɗaya. Kaka ce. An karye masara, dawa ta fitar da kai tana jira, an shanya gyaɗa a gefen kwalta har direba sai ya kauce mata. Mun cika tanki tun a Kano saboda an ce mana gaba mai ya fi tsada. Da muka tambaya a hanya, bambancin bai kai kuɗin shayi ba.

Mun karya kumallo wajen wata mai waina a bakin titi. Wainar manya ce, miyar taushe da yaji sosai. Da muka ce ba mu da canji, ta nuna mana lambar akawun da aka rubuta da gawayi a jikin bango, ta ce mu tura, amma kada mu tashi sai alat ya shigo. Abokina ya ji daɗin wannan ƙwarai. Ya ce wadda ta karɓi tiransifa yau, kirifto za ta karɓa gobe. Alat ɗin bai shigo ba sai da muka ƙara waina.

Hantsi ya ɗaga muka shiga Gwarzo. Kawu Sale na zaune a kan buzu a ƙofar sito, ana ta sauke buhuna daga wata a-kori-kura. Gaisuwa ta ɗauki lokaci: Yaya, wato mahaifiyata, da ciwon ƙafarta, da mutanen gida, da ruwan bana, da gajiyar hanya. Ya sa aka kawo mana fura da nono mai kauri, irin wadda ba a samu a birni. Sai da muka sha ya ce, "To, Nafi'u, me ke tafe da ku?"

Na yi bayani kamar yadda aka koya mana. Na ce babu jiran banki, babu ɗaukar kuɗi a jaka a bi hanya, na tuna masa wahalar da aka sha lokacin da takardar kuɗi ta yi ƙaranci. Bai katse ni ba. Da na gama ya ce, "In na karɓa, manomin ƙauyen Mainika da zai kawo mini dawa gobe, da me zan biya shi?"

Na ce sai ya canza zuwa naira tukuna.

"Wajen wa?"

Na ce a cikin manhajar akwai masu saye.

"Ka san su?"

Na ce ba sai an san su ba.

Ya yi ɗan murmushi, ya kaɗa hannu kamar yadda yake yi wa mai taya masara da arha, ya ce, "Albarka." Daga nan ya juya wajen masu sauke kaya.

Duk wanda ya taɓa taya ko da kaza ce ya san wannan albarkar. Ba a sallama ba ke nan. Ni ma na sani, abokina ma ya sani, ba mu ma tattauna ba.

Sauran yinin mun ƙare shi muna zaga shagunan Gwarzo. Masu sayar da waya da caja sun fi mu sanin kirifto, wasunsu sun yi watanni suna dangwalar waya wai suna tara kirifto kyauta, suna jiran abin da bai zo ba, don haka dariya suka yi mana. Wani mai yadi ya ce shi bai ma gama yarda da tiransifa ba. Wani mai kemis ya ce sai ya tambayi malaminsa hukuncin abin, ya kuma karɓi sitika ya sa a aljihu saboda kara. Masu POS suka riƙa kallonmu kamar waɗanda suka zo raba su da abinci. Farashin kwanon masara ya sauka sosai, kowa maganarsa ke nan, babu mai sha'awar tamu.

Bayan la'asar muka leƙa Kutama. Gonaki ne ko'ina, shanu na kiwo a inda aka girbe. Muka samu wani mai shagon kayan masarufi da ya yarda a gwada masa, amma sabis ya ƙi. Ya ce mu je bayan masallaci kusa da wata bishiyar kuka, can ake samu. Muka tsaya mu uku a gindin kuka da waya a sama, manhaja na juyawa. Can ya ce, "Malam, in kowane mai sayen sabulu sai mun zo nan, wa zai tsare min shago?" Ya ba mu dafaffiyar gyaɗa muka rabu lafiya.

A gidan Kawu muka kwana. Shago ko ɗaya ba mu samu ba, mai kuma ya yi ƙasa.

Da safe muka nufi Kabo. Gari ne mai natsuwa, rake da dankali jibge a bakin hanya, babura sun fi motoci yawa. A nan akwai Malam Iro, mai ƙaramin shagon hatsi. Kawu ne ubangidansa: shi ke ba shi kaya a kan amana, in ya sayar ya kawo kuɗi, a sake loda masa wani. Shekaru suna haka, kuma da wannan yake ciyar da gidansa. Alhaji yake ce wa Kawu, kuma ya san ni tun ina ƙarami. Yana ganina ya miƙe yana cewa, "A'a, ɗan Alhaji da kansa! Yau Kabo ta yi baƙo." Ya aika aka kawo ɗan wake, ya hana mu biya.

Na sake yin bayanin jiya. Malam Iro bai tambayi komai a kan manhaja ba. Tambayarsa ɗaya ce: "Alhaji fa, me ya ce?"

Na ce, "Ya sa albarka."

Abokina ya sunkuyar da kai yana duba takalminsa. Ni kuwa a lokacin na ce wa kaina ai ban yi wata ƙarya babba ba, tunda kalmar daga bakin Kawu ta fito.

Malam Iro ya ce, "To shi ke nan. Abin da Alhaji ya sa wa albarka, wane ni?" Ya miƙo wayarsa. Muka sauke masa manhaja, muka manna sitika. Saura cinikin farko, wanda sai da shi la'ada ke fita. Dama abokina na son masarar gida, sai ya sayi buhuna ya biya da kirifto. Malam Iro ya kalli lambobin da suka fito a wayarsa, ya ce, "Wannan sai in tura wa Alhaji haka nan ko?" Na ce a hankali za mu nuna masa. Bai tsaya nan ba, ya fita ya kira maƙwabtansa, mai kayan tireda da mai takin zamani da tela, yana gaya musu Alhaji Sale na Gwarzo ya shiga. Su ma suka manna. A nan na ɗauki hotunan da kuka gani.

Muna cin tsire da yamma a bakin hanya, muna shirin wucewa gida, wayata ta yi ƙara. Kawu ne. Ya ce, "In ba ku yi nisa ba ku dawo."

Mun same shi a inda muka bar shi jiya. Bai ɗaga murya ba. Ya ce Iro ya kira shi yana neman lambar da zai turo masa kuɗin masara ta sabuwar hanya, har yana cewa an ce ya shiga. Ya ce kafin la'asar mutum biyu daga Kabo sun kira suna tambayarsa ko gaskiya ne. "Shekara da shekaru ban taɓa jin Iro ya ɗora min maganar da ban yi ba. Yau ya sayar da kayana da abin da ban sani ba, ya kuma yawata da sunana. Na ce kada a loda masa kayan wannan makon. Kai kana wurin, me ya faru?"

A yadda ya yi tambayar na gane bai zarge ni ba. Ɗan yayarsa ne ni, a gidansa na kwana. Da na ce Malam Iro ne bai fahimta ba, da maganar ta ƙare a kansa. Na daɗe ina kallon buhunan da ke bayan Kawu. Abokina ya tashi ya ce zai duba tayar mota.

Na ce, "Kawu, ni na ce masa ka sa albarka."

Ya dube ni. "Na sa, ko na ce?"

"Cewa ka yi."

"Kuma ka san bambancin."

"Na sani."

Ya ja carbinsa. Sannan ya tambaya ko ana biyana a kan wannan aikin. Na ce ana biya. Ya ce a kasuwarsu dillali ba ya ɓoye la'adarsa, mai saye ya sani, mai sayarwa ya sani. Na fara ba shi haƙuri, ya ɗaga hannu. Ya ce shi babu abin da ya rasa, sunansa zai koma inda yake. Wanda aka kunyata a gaban maƙwabtansa yana Kabo. Kayan Iro kuwa za a loda ranar da mutanen Kabo suka ji gaskiyar maganar daga bakin wanda ya faɗa musu ta farko.

Kuɗin masarar mun warware shi a nan take. Abokina ya tura wa Kawu naira, aka bar kirifton a wayar Malam Iro sai mun karɓe shi daga baya. Wannan bai yi wuya ba.

Da muka zo mararrabar Kabo a hanyar dawowa, abokina ya rage gudu ya dube ni. Na ce magariba ta yi, mu wuce. Ba magariba ce ta hana ni ba. Muka shigo Kano da buhunan masara a bayan mota. A gida mahaifiyata ta tambayi mutanen Gwarzo, na ce suna gaisuwa.

Abin da tafiyar ta koya min ba shi da yawa. Ban dawo ina cewa kirifto banza ne ba, wataƙila wata rana ya yi amfani a can, idan sabis ya samu kuma manomi ya yarda a biya shi da shi. Amma na ga mutanen da muka je wa ba manhaja suke dubawa ba. Suna tambayar wa ya shiga, wa ya tsaya wa abin. Malam Iro ko sau ɗaya bai karanta abin da ke jikin sitikar ba. Sunan Kawu ya karɓa daga hannuna.

Kwana biyu ina juya maganar, ina sane da cewa kayan shagon Malam Iro na ƙarewa, ba a loda masa wasu. A na uku na hau motar haya ni kaɗai na koma Kabo. Na tarar da shi zaune a kan benci, buhunan da suka rage ba su kai rabin shagon ba, an ɓanɓare sitikar, sai tabon gam a jikin ƙofa. Ya amsa gaisuwata duka, har da gajiyar hanya, amma bai ce ɗan Alhaji ba. Na roƙe shi ya kira mai tireda da mai taki da tela. Suka zo suka tsaitsaya. Na cire takalmi na durƙusa.

Na ce, "Baba Iro, da ku da kuke nan, ku shaida. Alhaji bai shiga ba, bai kuma sa albarka ba. Albarka ya ce min, irin ta kasuwa, ni na san nufinsa na juya ta saboda la'adar da za a ba ni, wadda ban gaya muku ba. Baba Iro bai ƙara komai ba, abin da na faɗa masa ya faɗa muku. Ka ciyar da ni a shagonka, ni kuma na jawo maka wannan. Don Allah ka yafe min."