Ranar da Na Ce Yashi, Ban Ce Isansi Ba

Lokacin da abin nan ya faru ni saurayi ne mai ji da kansa, Faransa kuwa ba ta tattara nata ya nata ba tukuna. Ɗan Gaya ne ni, gidanmu gidan fatake ne tun kaka da kakanni, amma ni fatauci bai karɓe ni ba. Na tafi Yamai neman aiki, na samu leburanci a filin jirgin sama, daga baya aka zaɓe ni cikin masu kashe gobara, waɗanda ake kira pompiye. Aka ba ni kaki da hular ƙarfe, sai kaina ya kumbura ya fi hular. Malam mai jarida, ba zan ambaci sunan kowa a wasiƙar nan ba, domin jikokin mutanen da zan faɗa suna nan da ransu, kuma ba su yi mini komai ba.

Nasaran da ya koya mana aiki mutum ne mai baƙar zuciya, amma ya san wuta. Wata rana ya sa muka haƙa rami, ya tsiyaya isansi, wato man fetur, a ciki, ya ƙyasta ashana, sannan ya miƙa mini bokitin ruwa ya ce in kashe. Na watsa da dukkan ƙarfina. Maimakon ta mutu, sai wutar ta hau bisa ruwan ta biyo ni har ta lashe mini gashin ƙafa, abokan aikina suna ta dariya. Shi bai yi dariya ba. Ta bakin tafinta ya gaya mana cewa isansi ya fi ruwa rashin nauyi, saboda haka ruwa ba ya kashe shi, goya shi yake yi ya kai shi inda bai isa da kansa ba. Ya ce wutar kara da bunu ruwa ne maganinta, wutar mai kuwa sai yashi ko kumfar da muke da ita a mota. Ya ƙara da cewa duk wanda ya isa wurin gobara ya san abin da ke ci a ciki, wajibi ne ya faɗa da ƙarfi kafin kowa ya ɗaga hannu. Na ga gaskiyar maganarsa ranar da injin wani ƙaramin jirgi ya kama da wuta yana sauka, muka lulluɓe shi da kumfa, aka fito da mutanen ciki ba wanda ya rasa ransa.

Rasuwar mahaifinmu ce ta dawo da ni Gaya, kuma mahaifiyarmu ta hana ni komawa. Na zauna a gidan wana, wanda ke da kamiyo ɗaya, babbar mota mai jigilar kaya tsakanin Gaya da Doso. Ban yi mako ba na gane cewa ɗakin da ke ƙuryar gida, wanda ake cewa na ajiyar buhunan gero ne, tanunan isansi ne, manyan gangunan ƙarfe, jere a cikinsa, an rufe su da tsofaffin tabarmi. Daga ƙasar Ingilishi da ke tsallaken iyaka ake shigo da su ta wajen Kamba, ba ta ƙofar duwan, masu karɓar kuɗin fito, ba. Na nuna masa rufin bunu, na nuna masa murhun mata da bai fi jifa ba daga ƙofar ɗakin. Ya yi dariya ya ce rabin masu motocin gari haka suke yi, ba wanda ya ƙone. Da na matsa, sai ya ɓata rai ya tuna mini cewa daga ɗakin nan ake ciyar da mahaifiyarmu da ni kaina, kuma ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. Ƙane ba ya ja da wansa, balle ƙanen da ke cin tuwon gidansa. Na bar maganar a nan.

Katanga ɗaya ce ta raba mu da wata tsohuwa mai sayar da bandar kifi, wadda duk unguwa ke kira Inna. Ita ta yi mini wankan jarirantaka, don haka ba ta ganin kakina da gashi. Duk inda ta hango ni sai ta ce ga sarkin ruwan Nasara, wai an kai ni Yamai an koya mini abin da kowace mace ta iya da tulu. A ƙasan katangar akwai rariya, ta nan ruwan damina da na wanke-wanken gidanmu ke bi ya ratsa tsakar gidanta ya fita waje. A lokacin ƴarta ɗaya tilo, wadda ke aure a garin Bana, ta zo wankan gida da haihuwarta ta fari. Ba a daɗe da yin suna ba. Saboda wankan jego, randunan Inna kullum cike suke, ta fi kowa ruwa a unguwar.

Ranar kasuwa ce, bayan azahar, ina tasha na ji ihun gobara. Daga baya na ji cewa direban wana ne ya zo ɗibar mai ya bar bakin tano a buɗe, tururin ya bi ƙasa ya tarar da garwashin murhu. Tun daga nesa na ga hayaƙin baƙi ƙirin, na san ba gero ke ci ba. A Gaya ba a gayyatar mutum gobara. Da an ji ihu kowa zai fito da abin da ke hannunsa, mata su yi jere daga bakin kogi suna miƙa tuluna hannu da hannu, Bahaushe da Dendi da Zabarma ba a tambayar wane ne wane. Wannan halin kirki ne, kuma shi ne ya ceci garin sau da yawa. Na tarar da ƙofar gidanmu cike, a cikin masu ɗauke da bokiti har da gardi biyu, wato ƴan sandan Nasara, da wani ma'aikacin duwan da ya tuɓe rigarsa ya zo taimako. Mutane suka dare mini suna cewa a ba pompiye hanya.

A nan wana ya kama mini hannu. Matse ni kawai ya yi, ya dubi ɗan duwan ɗin, ya dube ni. Na san abin da ya kamata in faɗa, kalma ɗaya ce. Amma na hango shi ɗaure a gaban kumandan, Nasaran da ke mulkin gari, na hango kamiyon a hannun duwan, na hango mahaifiyarmu. Sai na nemi wata hanya ta tsakiya, irin ta matsorata. Na ɗaga murya na ce a dakata da ruwa a kawo yashi. Ban faɗi dalili ba. Wani dattijo ya ce Yamai ta taɓa yaron nan, ga kogi a gabansa yana neman ƙasa. Wasu suka yi tsaki suka ture ni gefe. Da na ce isansi ne, direbobin da ke wurin sun isa su tare mutane, domin su sun sani. Na bar su da rabin magana, rabin magana kuwa ba ta tsayar da mai tulu a kai.

Inna ce ta fara zubawa, domin ruwanta ya fi na kowa kusa, kuma gidanmu take son ceta. Sauran suka bi ta. Ruwa ya shiga ɗakin ya fito da wuta a bayansa, shuɗiya a ƙasa, ja a sama, ta malalo tsakar gida tana bin gangare. Na ga inda ta nufa tun kafin ta kai. Sai a lokacin na kwatsa ihu cewa isansi ne, amma wani tano ya riga ya fashe, ba wanda ya ji ni. Wutar ta bi ta rariya ta shiga gidan Inna, ta kama zanar da ke ƙofar ɗakin mai jego. Kowa yana gidanmu, ba kowa a can. Kafin mu zagaya, yarinyar ta miƙo jaririn ta saman zana ga wata mata da ke wucewa, ita kuma ta fito da zane yana ci a jikinta. An kai ta gidan likita, ta yi ƴan kwanaki tana wahalar da ba na son in kwatanta, sannan Allah ya karɓi abinsa.

Shirun da na yi bai ceci komai ba. Da wutar ta lafa ga tanuna nan a fili, sun yi baƙi, kowa yana gani. Aka kama wana, aka karɓe kamiyon, duk abin da na ji tsoro ya faru, an kuma ƙara mini da gawa. Mutane suka yi ta zagin wana, ni kuwa har yabona wasu suka yi, wai ni kaɗai na ce a kawo yashi aka ƙi ji. Wannan yabon ya fi zagin ciwo. Inna ta daina zuwa kasuwa, ta rungumi jikanta, tana gaya wa duk mai zuwa gaisuwa cewa da hannunta ta tura wa ƴarta wuta.

Bayan an yi sadakar arba'in, kumandan ya ji cewa akwai wanda ya yi aikin pompiye a gari, ya sa aka tara mutane a bakin kasuwa in nuna musu. Na haƙa rami, na zuba isansi, na kunna, na watsa ruwa, wuta ta gudu a kansa mutane suna salati. Na zuba yashi ta mutu nan take. Da taro ya watse sai na ga Inna tsaye da goyon jikanta. Ba ta yi mini tsiyar da ta saba ba. Ta kira ni ɗana, ta ce abu ɗaya take son sani: wannan da na nuna yau, bayan gobarar na koye shi, ko kuwa da shi a cikina na tsaya a ƙofar gida ina kallonta tana ɗaga tulu? Ba ta jira amsata ba. Ta gyara goyonta ta tafi. Mun ƙara shekaru muna katanga ɗaya, tana amsa gaisuwata kamar yadda addini ya ce, amma har ta koma ga Allah ba ta sake zolayata ba.

Yau na tsufa, kuma ina ganin mai a cikin gidaje fiye da na wancan zamani, a bido, wato jarka, a kwalba, a ƙarƙashin gadon da yara ke barci. Ina roƙon masu karatu, kada ku ajiye shi inda ake hura wuta, idan kuma ya kama kada ku zuba masa ruwa, ku fitar da mutane, ku nemi yashi. Amma abin da ya fi wannan shi ne, idan ka san abin da ke ci a cikin ɗaki, ka faɗe shi da sunansa, ko na uwarka ne ko na wanka. Rufin asirin ɗan'uwa abu ne mai kyau, ni ma da shi aka rene ni, sai dai ba a yin sa da ran maƙwabci. Wana ya gama zaman kasonsa ya fito, ya sake yin mota, ya mutu da jikoki kewaye da shi. Yarinyar nan ko wankan jegonta ba ta gama ba.