Ranar da Ƙanina Ya Faɗo Daga Saman Tirela

A lokacin da abin nan ya faru ni ɗan lodi ne a Kasuwar Shanu ta Potiskum. Ina da ƙarfi, ina da baki, ga saurin fushi, kuma ba na jin akwai wanda zai koya mini wani abu a cikin kasuwar nan. Mu a sana'armu doka ɗaya ce: in sa ya faɗi a cikin tirela, kada ka bari ya kwanta, don 'yan'uwansa za su tattake shi kafin mota ta bar gari. Ka watsa masa ruwa, ka murɗe wutsiya, ka kama ƙaho ka ja, ko ta halin ƙaƙa sai ya miƙe. Na fi shekara goma ina wannan aiki, har abin ya bi jikina. Duk abin da ya faɗi a gabana, hannuna ne ke riga tunanina isa gare shi.

Ƙanina, uwa ɗaya uba ɗaya, tare muke aiki. Magidanci ne mai 'ya'ya uku a Dogo Nini, mutum mai sanyin hali, ba irina ba. Shi ke hawa saman tirela yana ɗaure ƙahonin shanu a jikin ƙarafa. Wata Laraba da hantsi, kasuwa ta cika maƙil, wani bijimi ya fizgi igiya, sai ga ƙanina ya taho da baya daga can sama, ya daki ƙasa da ƙeya da kafaɗa. Ni na fara isa kansa. Idonsa a buɗe, yana numfashi sama-sama, kuma na ga yatsun hannunsa na dama suna damƙar ƙasa, da idona na gani. Na fizge buta a hannun wani na sheƙa masa ruwa, na zura hannuwana ƙarƙashin hammatarsa na ɗago shi da ƙarfi. Kansa ya langaɓe baya. Ya yi wata irin ƙara, ya ce wuta ta bi masa hannu, sai hannun ya saki. Tsoro ya kama ni, na mayar da shi ƙasa kafin jama'a su taru.

Da aka taru kowa ya zama likita. Wani ya ce a ba shi ruwa ya sha, wani ya ce a ja masa wuya ya koma daidai, wasu sun riga sun tare napep don a kai shi wurin mai ɗori. Na sunkuya zan sake ɗaukarsa ke nan, wani mutum ya ratso mutane ya riƙe mini hannu. Siriri ne, cikin farin yadi, da jin Hausarsa ka san Babarbare ne. Ya ce shi ma'aikacin motar asibiti ne, ragon suna ya zo saya, kuma don girman Allah kada wanda ya ƙara taɓa mutumin nan. Allah ya yafe mini abin da na gaya masa. Na ce ɗan'uwana ne ba nasa ba, ya je ya ji da ragonsa, har na ɗaga masa hannu. Sai ya ce tunda ni ne yayansa kuma na fi kowa ƙarfi a wurin, ni zai ba aiki mafi wuya. Ya durƙusar da ni a saitin kan ƙanina, ya ɗora tafukana biyu a gefen kunnuwansa, ya ce in riƙe kan yadda yake, ko tirela ce ta taho kaina kada in motsa.

Daga nan na ga aikin da ban taɓa gani ba. Ya sa aka ja da baya don iska. Ya tambayi ƙanina sunansa, da inda yake, da ranar da ake ciki. Ya kalli yadda ƙirjinsa ke hawa da sauka, ya riƙe wuyan hannunsa yana kallon agogo, sannan ya bi jikinsa a hankali yana neman jini ko karaya. Ya cire masa takalmi ya taɓa yatsun ƙafa, ya ce ya motsa. Suka motsa kaɗan, sai na ji ya ce alhamdulillahi a ƙasan maƙoshi. Hannun ƙanina na hagu ya damƙi na mutumin, na dama kuwa shiru. Ya hana a ba shi ruwa, ya ce zai iya shaƙewa, kuma wataƙila a yi masa aiki. Ya buga wa abokan aikinsa waya, sannan ya juyo kaina ya tambaye ni tsayin inda ya faɗo, da abin da ya fara taɓa ƙasa, da ko ya suma, da ko wani ya ɗaga shi. Nan na yi ƙarya. Na ce ba wanda ya taɓa shi. Ya ɗan dube ni, ya ci gaba da aikinsa.

Ban san minti nawa na yi a durƙushe ba kafin motar ta iso. Gwiwoyina sun mutu, gumi na shiga mini ido, ba halin sharewa. Suka zo da abin tallafe wuya da wani dogon allo, mutum huɗu suka juya shi gaba ɗaya kamar itace, shi yana ƙirga musu, ni ina riƙe da kai. Daga asibitin gari aka tura mu wani babban asibiti. Hoto ya nuna ƙashin wuya ya tsage, dab da laka. Likita ya ce da an naɗe shi a cikin napep, ko an ja masa wuyan nan, da ƙafafun sun tafi ke nan, in ma an tsira da rai. Na fita waje na zauna a ƙasa na yi kuka, ni da ban yi kuka ba ranar da muka binne mahaifinmu.

Bayan wata biyu na nemi mutumin har inda suke ajiye motarsu. Na ba shi haƙuri a kan zagi, ya yi dariya ya ce a aikinsu zagin 'yan'uwa kamar sallama ne. Na gaya masa ƙaryar da na yi. Ya ce ya sani tun a wurin, domin ya ga rigar ƙanina a jiƙe ta tattare a hammata, kuma ya sanar da likita tun ranar. Ya ce ba don a kama mai laifi suke tambaya ba, don a san abin da za a yi wa majinyaci ne. Na tambaye shi ko ni na kashe hannun. Bai ruɗe ni ba, ya ce Allah kaɗai ya sani, zai iya zama faɗuwar, zai iya zama ɗagawar. Ƙanina ma da na gaya masa, cewa ya yi, Yaya ai ƙauna ce ta sa, ya yafe. Yafiyar tasa ta fi mini zafi a kan a ce ya zage ni.

Na rubuto ne don masu hali irin nawa, masu ganin gaggawa ita ce taimako. In mutum ya faɗo daga sama ko mota ta buge shi, in dai ba wuta ko wani haɗarin ke tunkaro shi ba, ku bar shi yadda yake. Ku riƙe masa kai, kada ku ba shi ruwa, ku kira waɗanda suka san aikin, kuma in sun tambaye ku ku faɗi gaskiya. Wannan bawan Allah kullum yana cikin addu'ata, domin yau ƙanina da ƙafarsa yake zuwa masallaci. Amma yatsu uku na hannun damansa ba su ƙara lanƙwasawa ba. Duk ranar da muka zauna cin tuwo a kwano ɗaya, da hagu yake ci, ni kuwa sai in rasa inda zan sa idona.