"Gwaranci" a Birnin Gwari

"Malama, ki ce ta daina mana gwaranci!"

Sani ne, ɗalibina ɗan cikin gari, ya faɗi haka jiya, aji ya kwashe da dariya. Laifin Ladi, 'yar Gbagyi, wato Gwari, daga Gayam, shi ne ta tashi ba mu labarin yadda suka baro gonarsu, harshenta ya karkace a kalma ɗaya.

Ta juyo ta dube shi. "Sani, ya sunan garin nan da kake taƙama da shi?"



Yarinya na jin yare uku. Shi gogan ko jarrabawar Hausar bai ci ba, amma shi ne mai dariya!

Ni dai ban koya masa wannan kalmar ba. Iyaye, a gidan wa ya ji ta?