Mma Awabu Mai Latas

Waɗanda suka san Mma Awabu a ƙarshen rayuwarta da latas suka san ta, amma ba da lambu ta fara ba. Haifaffiyar unguwar Nima ce. Uwarta koko da ƙosai take sayarwa a bakin hanyar Maamobi, ita ma sana'ar da ta gada ke nan. Tana jin yaren Twi, tana jin na Ga, Hausarta kuwa irin ta Zango ce, wadda mace da namiji duk "ya zo" ne. Da ta auri Kadiri, mutumin Nijar da fari ya koro kudu a shekarun 1970, sai ya riƙa yi mata dariya in ta ce wa ƙanwarta "shi". Ita kuma ta ce masa ya fara koyon tambayar hanya da Ga tukuna.

Kadiri ɗan lambu ne. Yana da fangalin latas da kabeji a wani fili bayan gidajen unguwar Kanda, dab da babbar kwata. Maƙwabcinsa a filin shi ne Idrisu, tsohon abokinsa, rumfa ɗaya suke ajiye kaya. Awabu ba ta taɓa sakin jiki da Idrisu ba. Bai yi mata komai ba, sai dai yawan yabon da yake wa gonar mijinta. Kullum ya zo shan koko sai ya ce, "Wurin Kadiri ai a bakin ruwa yake, ya huta da ɗauko garwa daga nesa."

A daminar 1986 ciyawa ta yi musu yawa, suka sayo maganin kashe ciyawa irin na feshi. Mai shagon a kwalbar lemo ya ɗiba musu. Kadiri kuma yana da jiƙon sassaƙe na ciwon baya, shi ma a kwalbar lemo, rataye a rumfa. Duka biyun baƙi-baƙi ne. Wata rana bayan azahar ya miƙa hannu inda ya saba, ya kurɓa, ya tofar da sauri. Kaɗan dai ya riga ya wuce.

Idrisu ne ya kai shi asibiti, shi ne kuma ya zo ya gaya wa Awabu. Ba ta tambayi jikin mijinta ba sai da ta ce, "Malam Idrisu, wa ya rataya kwalbar a wurin?"

"Wallahi ban sani ba, Awabu. Ni a gindin mangwaro nake ajiye ta."

"To ƙafa ta yi?"

Ta ɗauki mayafi ta nufi asibiti.

Ta tarar da nas tana ɗura wa Kadiri wani abu mai kauri, launin toka. Ta tambaya, aka ce mata ƙasa ce ta musamman, wadda ke riƙe guba a ciki kafin ta shiga jini. Ta dubi kofin ta dubi nas ɗin. A ranta ta ce da wani babban ma'aikaci aka kawo daga unguwar Adabraka, da ba laka za a dama masa ba.

Bakinsa ya yi gyambo, haɗiya ta yi masa wuya, amma bayan 'yan kwanaki ya tashi zaune, har yana tambayar ko an ba latas ruwa. Awabu ta haɗa kayansu za su tafi gida. Likitan, wani siririn mutum mai tabarau, ya kira ta gefe ya yi mata bayani da Twi. Ya ce wannan sauƙin ba abin dogaro ba ne. Gubar ta bar ciki, a huhu take taruwa, tana kashe namansa kaɗan-kaɗan, inda ya mutu kuma sai ya zama tabo mai tauri wanda iska ba ta ratsawa.

"Akwai allurar da muke gwadawa," in ji shi, "ko za ta rage kumburin ta kare abin da ya rage. Wasu ta taimake su, wasu ba ta yi ba. Ba zan yi miki alkawari ba."

Cikin duk maganarsa kalma ɗaya Awabu ta riƙe: gwadawa. Ashe a kan mijinta za su koyi aiki. Ta yarda dai, don Kadiri ya ce ta yarda.

Numfashinsa ya fara gajarta. Da farko sai ya yi magana mai tsawo yake haki, daga baya ko juyawa ya yi a gado. A gadon kusa da shi akwai wani tsoho mai ciwon zuciya, an kafa masa tukunyar iska da roba a hanci. Awabu ta je ta ce a kawo wa mijinta irinta. Likita ya ce a'a. Ya ce a wannan cuta iskar tukunya kamar fifita wuta ce, tana ƙara wa gubar ƙarfi a huhu, ba za su sa masa ba sai in babu sauran dabara.

"Dokta, mutum yana neman iska ka ce iska za ta kashe shi? Ko don mu 'yan Zango ne?"

"Ko ɗana ne haka zan yi."

Ba ta yarda ba. Ranar da aka sallami tsohon, tukunyar ta yini a wurin ba a ɗauke ba. Awabu ta riga ta lura da yadda ake murɗa ta. Da ma'aikatan suka fita cin abincin rana, ta jawo ta, ta kifa wa Kadiri robar. Ta ga kafaɗunsa sun sauka, ya lumshe ido, ya yi barcin da ya daɗe bai yi ba. Tana zaune riƙe da hannunsa nas ta shigo, ta fizge robar, ta kashe tukunyar, ta yi ta faɗa. Likita da ya zo bai yi faɗa ba. Ya tambaye ta tsawon lokacin da Kadiri ya yi da robar, ta ce ba ta duba agogo ba.

Kafin rasuwarsa Kadiri ya ce mata, "Maman Fatu, ki bar maganar Idrisu. Wataƙila ni da kaina na ɗauko kwalbar na rataye." Ta ce ya yi shiru ya huta. A mako na gaba ya cika, da tukunyar iska a gefensa, wadda a ƙarshe su da kansu suka kawo.

Ta tare likitan a baranda ta tambaye shi ko abin da ta yi ne ya jawo. Ya ce da wuya, gubar ta riga ta yi nisa. Ta daɗe tana juya "da wuya" ɗin nan. In tausayinta ya ji, to ƙarya ya yi mata. In kuwa gaskiya ya faɗa, to don me aka bar mutum yana haki kwana da kwanaki?

Da ta fita takaba, Idrisu ya zo ya ce zai riƙa nome wurin marigayi yana kawo mata rabonta. Washegari ta miƙa wa ƙanwarta tukunyar koko, ta ɗaura zane ta tafi lambu. Ba a saba ganin mace a filin ba, mazan suka yi ta ƙus-ƙus. Ta koyi dashe, ta koyi ɗaukar garwa biyu. Ciyawa da hannu take cirewa. In Idrisu zai yi feshi, sai ta tsaya a iyakarta tana kallonsa har ya wanke kayan ya ɓoye kwalbar. Shekaru suka yi haka, suna gaisawa safe da yamma. In 'yan sari daga kasuwa suka zo ba ta nan, shi yake sayar mata, ta dawo ta bi fangali ɗaya-ɗaya tana dubawa. Ba ta taɓa samun abin da ya ɓace ba, ba ta kuma daina dubawa ba.

A tsakiyar shekarun 1990 aka karɓe filin za a yi gini. Idrisu ya koma unguwar Madina wurin ɗansa, ita kuma ta kafa tebur a kasuwar Nima tana sayar da latas na sari. Da labarin rasuwar Idrisu ya zo, ta je gaisuwa tare da 'yarta Fatu, ta yini a madafa tana taya matan gidan girki.

A mota, kan hanyar dawowa, Fatu ta ce, "Mma, yanzu dai kin yafe masa ko?"

"In yafe masa me? Har yau ba wanda ya gaya mini abin da ya yi."

Da suka iso Maamobi, Awabu ta ce su sauka nan, akwai wata da za ta yi wa barka da haihuwa kafin magariba.