Ranar da Malam Ya Ɗauki Kaya a Ka

Ko da tunanina zai zube kamar yadda haƙorana suka zube, ranar da muka je sahara ni da Malam ba za ta bi su ba. Dalilinta ma na matsa wa jikata ta koya mini rubutu da furfurata.

A unguwar Faisal ta Giza, a ƙasar Misrawa, muke zaune tun da muka baro Sudan. Malam, mijina, ƙirjinsa ya fara ba shi wahala, ko matakalar bene sai ya yi ta hutawa. Amma bakinsa ba ya gajiya da zance ɗaya: kakansa da ya taso daga ƙasar Hausa a ƙafa, kaya a ka, zai je Makka, hanya ta ajiye shi a Sudan. Kullum sai ya ce, "Ni ko sau ɗaya in taka rairayi da kayana, in ji abin da tsohon nan ya ji." Ni kuwa in ce, "Malam, fara gamawa da matakala tukuna."

Jikar tamu tana karatu a jami'a a Giza. Da ta gaji da jin mu, sai ta samo mana wuri a motar masu yawon buɗe ido. Aka ba kowa jakar goyo da ruwa da abinci da bargo a ciki. Mu kaɗai ne tsofaffi, sauran Turawa ne da Misrawa.

Da hantsi motar ta tsaya a wata gonar inabi. Aka zaunar da mu a rumfa, aka jera ƙananan kofunan gilashi, wani ja wani fari. Sai na ga mutane suna juya kofi, su shinshina, su kurɓa, wasu ma su tofar. Na ce a raina, wane irin almubazzaranci ne wannan? Ina kai nawa hanci wari ya buge ni. Na ce, "Malam, ajiye! Giya ce wallahi." Ya ajiye yana dariya har da tari. Ya ce, "Hancin nan da ya hana ni cin kilishi a ɓoye, yau ya yi rana." Mai gonar ya ji kunya, yana ta ba da haƙuri da Larabci, "Ma'alish ya hajja," ya yanko mana inabi mai yawa. Na ƙulle a gefen mayafi.

Bayan azahar aka sauke mu a bakin sahara, za a hau wani tudu. Kowa ya goya jakarsa. Ba mu yi nisa ba Malam ya fara haki. Jagoranmu, wani Bamisre, ya dube shi ya ce, "Khalas ya hajj, ya isa haka, koma mota ka jira mu." Malam bai yi musu ba. Ya sa hannu yana cire jakar, kansa a ƙasa. Mutumin da ke gardama da ni a kan gishirin miya, yau ko uffan. Wannan shirun ne ya tsorata ni.

Na ce da jagoran, "Tsaya. Igiyoyin nan ne suka ɗaure masa ƙirji. Mu a wurinmu baya na ɗa ne, kaya na kai ne." Na ciro zanen da na zo da shi don salla, na yaga shi biyu, na naɗa gammo. Kafin in ɗora masa jakar na juya baya, na kwashe gorunan ruwansa na zuba a tawa. Jagoran ya ce, "In ya faɗi fa?" Na ce, "In ya faɗi, a kaina zai faɗi. Yalla, mu tafi."

Haka muka tafi, shi a gaba ni a baya, kaya a ka, kowa ya wuce mu. Ina ganin wuyansa yana rawa, ina ta salati a zuci. Ya tsaya ya huta, ya ƙara, ya tsaya. Har yau in na rufe ido ina ganin sawunsa a rairayin nan, ƙafar hagu tana ɗan ja.

Muka kai saman tudun mutane har sun fara shirin sauka. Malam ya sauke kayansa da kansa, ya zauna, ya fuskanci yamma. Na kwance mayafi muka ci inabin, ya yi ɗumi, duk ya lagwaɓe, amma ban ƙara cin mai daɗinsa ba. Can ya ce, "Ashe haka tsohon nan ya ji." Na ce, "Bai ji haka ba, shi ba shi da ni." Ya yi murmushi ya ce, "Gaskiya ne. Shi babu mai sace masa ruwa a jaka." Ashe ya gani.

Kafin inabi ya sake nuna Malam ya rasu. Rabin zanen nan yana ƙarƙashin matashina. In na ga mai kura yana tallar inabi a bakin titi, sai in saya kaɗan in hau bene in ci ni kaɗai.

Abin da ranar ta koya mini shi ne, in naka ya daɗe yana roƙon abu ɗaya, kada ka ce sai ya ji sauƙi. Ka rage masa nauyin, ka naɗa masa gammo, ka bi shi a baya tun yana nan.