Dodon-koɗin da Torleiv ya tsinta

Da Torleiv Haugland ya ajiye tuƙin motar madara a ƙauyensu na kudancin Norway, sai ya koma shure-shure a cikin ruwa. Zai shiga tafki da dogon takalmin roba, ya yi ta shurin duwatsu, komarsa, wato ragar kamun kifi, tana tare ƙwarin da suka taso, sannan ya juye a farin faranti ya tsuguna da hantsaki. Shi kansa yakan ce abin kunya ne a ga mai jikoki haka.

Tafkin Grastjern ne ciwon ransa. Yana yaro, ubansa kan cika kwando da kifi a nan. Hayaƙin masana'antun ƙetare ya sa ruwan sama ya yi tsami, tafkin ya yi garau, kifi ya ƙare. Hukuma ta ce ranar da dodon-koɗi ya dawo za a sake zuba kifi, tunda tsami ba ya barin ɓawonsa ya yi ƙwari.

Ran nan, da kaka, yana shuri a Grastjern, sai ga dodon-koɗi a faranti, bai fi ƙwayar shinkafa ba. Torleiv ya yi kuka, ba kunya. Ya jefa shi a kwalbar ruwa, ya bi gida-gida yana nunawa. Matarsa Ashild ta soya fanke, maƙwabta suka cika falo.

Tana zuba gahawa ta ce, "Tsoho, jiya ba tafkin bayan coci ka je ba?"

"Na je. Sai me?"

"Wancan da dodon-koɗi ya yi wa yawa? Ka wanke komar kuwa?"

"Haba Ashild! Ni za ki koya wa aiki?"

"A'a, ni dai a jiƙe na gan ta a bayan mota."

Ashe mai yiwuwa a jikin komar dodon-koɗin ya biyo shi daga can. Shi ne fa mai damun sababbin shiga wannan aiki da wa'azin wanke koma.

Washegari ya koma Grastjern da wankakkiyar koma, ya yi ta shuri har ƙafafunsa suka mutu don sanyi. Ba ko ɗaya. Baƙin ciki ya kama shi, ya zagi kansa da kyau. Sannan ya ɗauki kwalbar ya mayar da ɗan baƙon tafkin bayan coci, don in ya sake shi a Grastjern, ɓawonsa narkewa zai yi.