Ranar da Na Yi wa Yaya Tafinta

Lokacin da ɗan goggona ya dawo Gure daga Faransa, ina koyarwa a lakwal ta firamare, cikin shekarun casa'in ɗin nan da yajin aiki ya kusa fin karatu yawa. Yaya nake ce masa tun ina ƙarama. Kafin ya tafi iyayenmu sun yi magana, an ba shi ni, kuma ba wanda ya tilasta mini, ni na so. Ya gama lise, wato sakandare, a Damagaram, ya yi jami'a a Yamai, daga can ya samu tallafin karatu ya wuce. Aka ce in ya gama a ɗaura.

Karatun ya ƙi ƙarewa. Ƙawayena suka yi ta haihuwa ina zuwa musu suna. Wani mai kanti kusa da tasha, mutumin Damagaram, ya aiko wurin babana, na ce a ba shi haƙuri. Wani likitan dabbobi ma ya zo, mutumin kirki, shi ma na ce a'a.

A tsakanin nan gwiwoyin Goggo suka kumbura har ta daina fita. Yaya ne kaɗai ɗanta, mijinta ya rasu. Ni nake zuwa in an tashi daga lakwal, in share mata ɗaki, in dama mata fura, in gasa mata ƙafafu da ruwan zafi, in kai ta bayan gida in dawo da ita. Takan dafa kaina ta ce, "Allah ya yi miki albarka, ɗiyata. Ke ce ƙafata." Ban taɓa jin nauyin aikin ba. Uwar mijina nake yi wa, haka na ɗauka.

Yaya ya sauka da rani. Ya yi ƙiba, ya sa tabarau, ya gaishe ni da hannu a ƙirji yana ce mini Malama. Tsarabata ɗankwali ne, irin wanda ya ba sauran 'yan'uwa mata. Na ce kunya ce ta gaban manya.

Shugaban kwaleji ya roƙe shi ya yi wa gari bayanin aikinsa. Yaya ya same ni a gidan Goggo ya ce, "Malama, Hausa ta yi mini nauyi a baki, balle a kan wannan magana. Ki taimake ni, ni in yi da Faransanci ke ki juya." Na amsa da sauri. Na ɗinka sabuwar atamfa, na sa lalle, don gari zai gan mu tsaye wuri ɗaya.

A wani babban aji aka yi, bayan la'asar. Aka rufe tagogi don a samu duhu, aka rataya farin zane a jikin allo, aka tayar da injin wuta a waje. Ɗakin ya cika da 'yan kwaleji, malamai, 'yan kasuwa, da wasu dattawan makiyaya na wajen Alakos da kasuwa ta kawo su gari. Zufa ta ko'ina. Yaya ya jera ƙananan hotuna cikin na'urar da ya zo da ita, yana danna su suna fitowa a kan zanen.

Hoton farko fari ne fat, ba itace ba gida. Na faɗa musu abin da ya ce: can ƙarshen duniya ta kudu akwai wata ƙasa da ta fi Nijar girma nesa ba kusa ba, ƙanƙara ta rufe ta gaba ɗaya, kaurinta ya fi duwatsunmu ko an ɗora wani kan wani. Ta arewa ma akwai wata. In suka narke teku zai ƙaru ya ci garuruwan bakinsa. Mutum ba zai iya zagaya wurin ya auna ba, shi ya sa ake aunawa daga sama da tauraron ɗan'adam.

Yadda ake aunawar ne ya ba ni wahala. Ya ce tauraron yana aiko da wani saƙo irin na rediyo, ya bugi ƙanƙarar ya koma, a lissafa jinkirinsa. Na ga fuskokin dattawan ba su kama ba, sai na ce, "Kamar yadda kuke sakin guga a rijiya ne. In bana igiya ta fi ta bara tafiya kafin ta taɓa ruwa, kun san ruwa ya ja. Shi ma tauraron yana komawa ta wuri ɗaya shekara da shekara, ya ga ko ƙanƙarar ta yi ƙasa." Suka gyaɗa kai. Yaya ya dube ni ya yi murmushi, na ji daɗi har cikin raina.

Wani dattijo mai rawani ya ce, "To ɗana, tana raguwa ko ba ta raguwa?"

Yaya ya ce ba su tabbatar ba tukuna. A gefe-gefe kamar tana sirancewa, a tsakiya kuma wani wuri kamar tana ƙaruwa, kuma inda ƙasar take da gangare na'urar takan yi kuskure. Sai sun ƙara shekaru masu yawa suna aunawa. Na juya wannan ma, amma ban san da shirin ƙarin shekaru ba sai a lokacin.

Ya danna hoto na gaba. Ba ƙanƙarar ƙarshen duniya ba ce. Wata mace ce baƙa, cikin rigar sanyi mai kauri, tsaye a ƙofar wani gida tana dariya, riƙe da yaro da ya fara tafiya. Goshin yaron na gidanmu ne. Yaya ya kai hannu zai wuce shi, wani ɗan kwaleji ya riga shi da tambaya cikin Faransanci, su wane ne waɗannan. Yaya ya amsa ƙasa-ƙasa.

Malamai suka sunkuyar da kai. Dattijon nan mai rawani, wanda bai san komai a kanmu ba, ya ce, "Malama, me ya ce?"

Na ce, "Ya ce matarsa ce da ɗansa."

Dattijon ya ce, "Masha Allah, Allah ya raya." Sauran suka ce amin.

Ban fita ba. Akwai sauran hotuna, na juya su duka har ƙarshe. Da aka buɗe tagogi na ga matan malamai suna satar kallona.

Yaya ya biyo ni a hanya yana cewa, "Malama, ki yi haƙuri, hoton ne ya shiga cikin sauran ban lura ba. Ba haka na so ki ji ba." Hoton yake ba ni haƙuri a kai. Na wuce gidan Goggo, don tausayinta nake ji. Na ɗauka ita ma yanzu za ta ji.

Na same ta a kan tabarma. Ina fara magana ta kau da kai wajen bango.

Na ce, "Goggo, kin sani?"

Ta ce, "Tun kafin a haifi yaron. Ya kira gidan waya, kawunku ya je ya ji, ya zo ya gaya mini."

"Kika bar ni ina korar mutane?"

Ta ce, "Da na gaya miki da kin yi aure kin tafi. Wa zai ɗaga ni?"

Ba ta yi kuka ba, ba ta kuma ce in yafe mata ba. Na fi jin zafin wannan fiye da na hoton. Shi yana nesa, ita kuwa kullum hannunta a kaina.

Babana ya yi faɗa, ya yanke gaisuwa da ƙanwarsa. Yaya ya koma kafin damina, ya yi alkawarin samo mai kula da uwarsa, ba a ga kowa ba. Na ƙaurace wa gidan, har wata maƙwabciya ta tare ni a kasuwa ta ce ta leƙa ta sami Goggo kwance cikin fitsari. Washegari na koma. Na ci gaba da sharar, da furar, da ruwan zafin, amma in ta kai hannu za ta dafa kaina sai in matsa. Haka muka zauna har ta rasu, ni na yi mata wanka tare da tsofaffin unguwa. Yaya bai samu zuwa ba, an ce aiki ya riƙe shi.

Mai kantin da likitan dabbobin duk sun daɗe da yin aure. Bayan sadakar arba'in na nemi a canza mini wurin aiki, aka tura ni wata lakwal a karkarar Bune, inda ba wanda ya halarci taron nan.